Uwar da Ba Ta Kiran Suna

Laraba da dare, Ƙofar Kuyambana

Yau yarinyar nan ta dawo daga makaranta tana huci, ko hijabi ba ta cire ba ta zube gaban kakarta Hajiya. Ina madafa ina tuƙa tuwo, amma kunnena na wajensu.

Wai a littafin da suke karantawa a aji, uwar jarumin ba ta taɓa kiran sunansa ba, kullum sai "wancan" ko "kai yaro". Malaminsu ya tambayi me hakan ke nunawa. 'Yan aji suka ce ƙiyayya ce, har wata ta ce jigon littafin kenan, muguwar uwa.

Ta ce, "Hajiya, sai na miƙe. Na ce ɗan fari ne, kunyarsa take ji. Na ce su duba wa ya kwana a zaune ranar da ya yi zazzaɓi. Marubucin ya hana ta kiran sunan ne don mu nemo ƙaunar a wani wuri."

Hajiya ta ce, "Ke a ina kika san wannan?"

"A gidan nan mana."

Saura kaɗan muciya ta suɓuce mini. Na daɗe ina fargabar ta ɗauka ban damu da ita ba, ganin yadda nake kwaɗa wa ƙannenta kira da sunayensu. Ashe ni ta fara karantawa kafin littafi.

Na dai ƙara mata nama a miya. Ga shi ko a nan na kasa rubuta sunanta. Ba komai, ta san dalili.