Fasfon Mma

Maamobi, Accra

Yaya Alidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Wadia da yara da jama'ar masallacinka a Kumasi. Takarda na rubuto, don ita ba za ka katse ta ka ce layi ne ba kyau.

Sun hana mahaifiyarmu Mma fasfo. Tsohuwa ta doshi tamanin, a unguwar Nima aka haife ta, a Nima ta sayar da koko har bayanta ya ranƙwafa, amma wani ma'aikaci da bai kai ɗaliban da na koyar shekaru ba ya dubi sunanta ya ce, "Zalia Husseini? Ina ne garinku na asali?" Na ce Nima. Ya ce Nima masauki ce. Wai a kawo shaidar cewa uwarta ko ubanta a ƙasar nan aka haife shi. Ubanta kowa ya san fataucin goro ne ya kawo shi daga Sakkwato. Saura uwarta, Kaka Awabu.

Ejan ɗin aikin hajji ya ce in fasfo bai fito kafin a rufe rajista ba, sai baɗi. Ka san ƙafafun Mma. Wane baɗi?

To ga abin da ya hana ni zama. A cikin trotro, motar haya, muna dawowa, ina ta zage-zage, Mma ta ce a hankali, "Uwata a bakin teku aka haife ta, bayan coci. Ayele sunanta, 'yar Ataa Okai mai kwalekwale. Sun zuba mata ruwa a ka tana jaririya."

Yaya! Kakar da kuka ce mana "daga arewa take"! Wace 'yar arewa ce take faɗa da masu kifi da yaren Ga har ta kayar da su? Na karanta tarihin Gold Coast ya fi a ƙirga, ashe tarihin yana tsakar gidanmu yana yi mana kitso. Coci-coci suna ajiye littafin duk wanda suka yi wa baftisma. Gobe zan fara bin su.

Ƙanwarka,
Barikisu

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga ƙanwata Malama Barikisu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan Mma tana cikin ƙoshin lafiya.

Saƙonki ya iso. Ina roƙonki ki sassauta. Ki dubi matsayina: a ce ƙanwar liman tana zaga majami'u da hijabi, me zan gaya wa mutane? Kaka ta rasu da kalmar shahada, wannan ya wadatar. Akwai wani Alhaji a nan da ya san manya, zai yi magana a kan fasfon. Idan Allah ya kira Mma bana, ba mai hana ta.

Wassalam,
Alidu

Maamobi

Yaya,

Gaisuwa. Ka gaya wa Alhajinka ya huta. Mma ba alfarma take nema ba.

Na sami sunan Kaka! A wata tsohuwar coci da iskar teku ta cinye fentinta. Osofo, limamin wurin, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, kuma hijabina bai dame shi ba ko kaɗan, a Kumasi kawai yake damun mutane. Ya fito da wani littafi da gara ta ci gefensa, muka bi layi-layi da yatsa. Shekarar 1924: Comfort Ayele, 'yar Okai, masunci, dattijon coci. Na yi guɗa a ofishin bawan Allah har mai shara ya leƙo.

Sai ya ce bari ya duba ɗaya littafin, na mamata. Na ce ba sai ya wahala ba, mu muka yi mata sutura a Nima. Ya duba duk da haka. 1943: Comfort Ayele, ruwa ya ci ta, ba a ga gawa ba, an yi mata addu'a.

An haifi Mma a 1946.

Ka gane? A takarda, uwar Mma ta mutu kafin ta haife ta. Matar da ta riƙa dirje mu da soso har mu yi kuka, ashe fatalwa ce! Osofo ya ce ba zai ba ni shaidar haihuwa ya ɓoye ta mutuwa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai in an sami wani daga danginta da zai rantse cewa ta rayu. Gidan Okai kuwa ya rushe, zuriyar ta watse. Na tambayi Mma, ta ce uwarta ba ta taɓa kai ta wajen kowa ba.

Kai ne babba. In ka san wani abu, yanzu ne lokacinsa.

Barikisu

Aboabo

Ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata gare ki.

Na karanta, na kuma karantawa. Ranar da muka kai Kaka maƙabarta, ku mata kuna gida, don haka ba ku gani ba. Wata mata ta tsaya a bayan katanga cikin baƙin zane, da gicciye a wuyanta, tana kuka. Da na matsa sai gabana ya faɗi, domin fuskar Kaka ce sak. Ta ce marigayiyar yayarta ce. Sunanta Ayoko, tana banda kifi a Chorkor, nan bakin tekun Accra. Ban san ko tana raye ba.

Ki tafi da goro da sabulu, kada ki shiga gidan tsohuwa hannu sake. Kuma don Allah ki bar ta ta gama magana kafin ki fara taki.

Alidu

Maamobi

Yaya Alidu,

Ina gaishe ka, kuma yau da gaske nake.

Tana raye! Ta haura casa'in, ido ɗaya ya tafi, amma bakin yana nan daram. Yanzu na san inda na gado nawa. Na same ta a kan kujera kusa da murhun banda, hayaƙi ya tirniƙe, tana yi wa jikokinta faɗa sun ƙona kifi. Na durƙusa na ce ni jikar Ayele ce. Ta ce, "Tashi, kina tare min iska. Sai yanzu?"

Ta ba ni labari. Ranar da Ayele ta bi mai goro ta musulunta, ubansu da ƙafarsa ya je coci ya ce teku ya ɗauke ta. Aka kaɗa ƙararrawa, aka sa wa yara baƙin kaya. Ita Ayoko tana ƙarama, tana makokin yayarta da safe, da rana kuma ta tarar da ita a kasuwa tana saya mata alewa.

Na kawo maganar rantsuwa. Fuskarta ta canja.

"In tsaya gaban hukuma in ce ubana maƙaryaci ne?"

Na tuna shawararka, na ciji leɓe har ta gama. Sannan na ce, "Kaka, ba ruwan hukuma da ubanki. Ki ce yayarki ta rayu ta haihu."

Ta ce, "Kawo min abin da ta haifa in gani."

Washegari na kai Mma a tasi. Ayoko ta shafa fuskar Mma tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Hancin Bahaushe, amma sauran duk namu ne." Mma da ba ta kuka ko a gidan mutuwa, sai da na ba ta gefen mayafina.

Ayoko ta rantse, ta dangwala yatsa. Ta kuma nace sai ta bi mu ofis cikin farin ɗankwalinta na coci. Da ma'aikacin ya sake tambayar garin asali, ban buɗe baki ba. Ta jero masa kakanninta da sunayen kwalekwalensu, sannan ta ce, "Kai fa, ɗan wa ne?" Ya karɓi takardu da hannu biyu.

Amma ta sa sharaɗi. In Mma ta je Makka, ta yi wa Ayele addu'a, ta kuma yi wa Ataa Okai. Ta ce tun tana yarinya take roƙa masa gafara ita kaɗai, ta gaji. 

Ka taya mu addu'a, an kusa rufewa.

Barikisu

Maamobi

Yaya,

Fasfo ya fito. Ejan ya karɓa, sunan Mma ya shiga. Ka zo rakiya, ka biya Chorkor ka gaida kakarka, da rawaninka.

Na tambayi Mma zancen sharaɗi. Ta ce addu'ar uwarta, tun daga cikin jirgi za ta fara. Na ce Ataa Okai kuma fa?

Ta ce, "Bari in isa tukuna."

Taka,
Barikisu