Allon da Na Naɗa wa Keken Baba

Litinin, 3 ga Maris

Allon ya iso. Tsawonsa kamu ɗaya da rabi, ƙananan fitilu jere a kan roba baƙa, yana lanƙwasuwa kamar bel. Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki magana ta ɗauke, wata huɗu ke nan. Hannun hagu ne kawai ke motsi. Dabarata: in naɗa allon a ƙarfen gefen kekensa na marasa lafiya, in sa maɓalli huɗu inda yatsunsa ke sauka. Ya danna, kalma ta haska. Yaya ta ce ga shi yau tarkacen wayoyina na lantarki za su yi rana. Na ƙyale ta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na lanƙwasa shi ta inda ba ya lanƙwasuwa, layi biyu suka mutu. Gefe ɗaya kawai yake yarda. Awa uku ina liƙi da dalma ina dubawa da madubin ƙara girma, har na ƙona ɗan yatsa. Laifina ne, ban karanta takardar bayaninsa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Ya yi! RUWA. MAGANI. CIWO. BAYI. Jajaye, ana hangowa daga bakin ƙofa. Na ɗaure shi a keken, na kama yatsan Baba na nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Ya kalle ni kamar yadda yake kallona ina yaro in na kwance masa rediyo. Bai danna ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Bai danna ba.

Talata, 11 ga Maris

Abokan aikinsa na dā sun zo dubiya, su uku. Ni da rawar kai na ce bari in nuna musu. Garin gyara masa hannu yatsansa ya faɗa kan na huɗu, BAYI ya haska a tsakiyar falo. Ɗaya ya yi tari, ɗaya ya hau duba agogo. Allon waje yake kallo, Baba ba ya ganin abin da ya rubuta, a fuskokinsu ya karanta. Da suka tafi ya juya kai bango, abincin rana ma ya ƙi.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Kwana nawa ina wannan aiki.

Juma'a, 14 ga Maris

Yaya ta tare ni a kicin. "Kai dai wayoyi ka sani. Mutumin da ya shekara talatin yana shugabantar makaranta, ka bar masa kalma huɗu, duk na roƙo?" Na ce to me mara lafiya yake buƙata? Ta ce, "Ka tambaye shi mana. Bakinsa ne ya tafi, ba kunnensa ba."

Ban tambaye shi ba. Gaskiya ko da yana da lafiya ba mu cika hira ba, gaisuwa ce sai labarin mota.

Laraba, 19 ga Maris

Na zauna gabansa da takarda. Ina karanto kalma, in yana so ya ɗaga yatsa. Ruwa, shiru. Magani, shiru. Na karanta wajen arba'in, har na fara ƙosawa. Waɗanda ya ɗaga wa: SANNU DA ZUWA. YA GIDA? MADALLA. Ta ƙarshe kuwa tun ban rufe baki ba yatsa ya miƙe: A'A.

Na yanko wani guntun allo na liƙa ta ciki, saitin idonsa, don ya riƙa ganin abin da yake faɗa. Na mayar da launin kore, na rage haske. Maganar ruwa da sauransu, ƙaramar ƙararrawa ta wadatar, Yaya ta san ma'anar kowane bugu.

Juma'a, 21 ga Maris

A'A ga allura. A'A ga rigar da Yaya ta ɗauko. A'A ga tashar da na kamo masa. Maƙwabcinmu ya leƙo, ya samu SANNU DA ZUWA da YA GIDA, ya zauna ya yi ta zuba kusan awa guda. Yaya ta ce maɓallin A'A zai riga batir mutuwa. Ita tana dariya, ni na fita tsakar gida na ɗan tsaya, saboda idona ya cika da hawaye.

Lahadi, 23 ga Maris

Hutuna ya ƙare, gobe aiki. Bayan la'asar na haɗa jaka, na durƙusa na ce, "Baba, zan koma, sai wani watan in Allah ya kai mu." Ya daɗe yana kallona. Sai allon ya yi kore: A'A. Na ce ko maɓallin ne ya maƙale. Ya ɗage yatsa, ya bari ya mutu, ya sake dannawa.

Na kira wurin aiki na ce a ƙara min kwana uku. Akwai wata waya a ƙarƙashin hannun keken da ban yarda da liƙinta ba, gara in tsaya in gani.