Ƙofar da Aka Yi wa Rana

Yaya Uwani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ki biye wa muryata a waya. Hunturun wannan gari na Turawa, Kirkwall, ne kawai, gari ya waye da ƙyar, kafin in taso daga aikin asibiti duhu ya rufe. Bana kam har na fara ɗaure kayan komawa gida a zuci.

Maƙwabciyata Inga, tsohuwar da ke gasa mini burodin sha'ir, ita ta gano ni. Ta ce, “'Yar nan, kin bushe kamar kifin bara. Ɗauko mota.”

Muka wuce cocin jan dutse da dogayen duwatsun bakin tafki, har wani tudu mai ciyawa, kabarin mutanen farko. Ɗaki ne na dutse a cikin tudun, a duƙe ake shiga ta wata doguwar ƙofa. Inga tana nishi tana cewa, “Magina marasa tausayin tsofaffi!”

Muna ciki rana ta zo faɗuwa. Yaya, sai ga haske ya biyo doguwar ƙofar nan a hankali, har ya taɓa bangon ƙurya. Haka maginan suka saita ta, don rana ta leƙo a tsakiyar hunturu.

Na ce, “Ashe su ma sun yi kewar rana.”

Ta ce, “To, gudu suka yi? Ƙofa suka yi mata.”

Ki gaya wa Inna sai hutu zan zo. A aiko mini da yaji, a sa ni a addu'a. Yau na ɗage labulen da na saki tun kaka.

Ƙanwarki,
Asabe