Ragon Dakta Ladan

Ƙaura Namoda,
27 ga Fabrairu, 2000.

Zuwa ga ɗiyata Ummusalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zafin Sakkwato? Mu nan lafiya lau. Innarki Hajiya Suwaiba tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Uwata, na zo jami'arku ranar Talata ban gan ki ba. Na tsaya ƙofar masaukin mata, wata yarinya ta ce kina ɗakin gwaje-gwaje sai la'asar, kuma ba a fiddo ɗalibi daga can ko ubansa ne ya zo. Ni Namadi, wanda motocinsa ke bin Shinkafi da Zurmi da Gusau, aka nuna wa gindin dogon yaro. Na zauna. Na kalli wurin naku da kyau: kowa da littafi a hammata, wasu na gardama da Turanci gaban allon sanarwa, wasu sun yi da'ira a masallaci suna bita. Duk mai farin hijabi da ta ɓullo sai in ce ke ce. Ni a aji uku na bar sakandare na zama yaron mota, kuma ban yi asara ba. Amma ranar nan na so a ce na san abin da suke wa gardama.

Da jira ya yi tsawo sai na yi abin da ya kawo ni. Na tambayi gidan Dakta Ladan, malamin da kika ce yana duba aikinki na ƙarshe. Ban same shi ba, sai na ɗaure masa rago a bishiyar ƙofar gida, na sauke buhun gero na gonarmu ta Kurya Madaro, na bar wa iyalinsa sunana da naki. Ragon ni na zaɓo shi da kaina a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Layya ta matso, kuma yaron da ubansa bai gaida malaminsa ba karatunsa ba ya albarka. Haka na yi wa Malam Shehu lokacin da kika sauke Alƙur'ani.

Ki zo gida da Sallah. Tunda aka fara Shari'a na ware mota guda ta mata zalla, direbana Sha'aibu ke jan ta har Sakkwato, zai ajiye miki kujerar taga.

Ki riƙe salla, ki ci abinci.

Mahaifinki,
Alhaji Namadi Mai Motoci.

Ƙaura Namoda,
21 ga Maris, 2000.

Zuwa ga Ummusalma,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da Sallah, da fatan kin yi ta lafiya a inda kika zaɓa. Mu mun yi tamu.

Rago ya dawo daga gidan Dakta. Sha'aibu ya sauke shi tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho da fasinja, da buhun geron ba a ko kwance bakinsa ba. Alhassan ɗan kamasho ya ce ragon ya riga ki gama digiri, shi ya sa ya riga ki dawowa. Aka yi ta dariya. Na yi tare da su, don ba a ganin haushina a tasha.

Sha'aibu ya ce kin same shi bakin ƙofar jami'a idonki ja, kin ƙi karɓar kilishi da man shanun da innarki ta aiko. Ya ce kin gaya masa Dakta da kansa ya kai maganar ga shugaban sashenku don kada a zarge shi, an karɓe aikinki daga hannunsa za a ba wani malami daga waje ya duba, kuma 'yan ajinku suna kiran ki mai rago. Ya ce kin ce kada a sake aiko miki da komai.

Uwata, ki saurare ni. Na tsufa a kan hanya, na san cin hanci, na san kamanninsa. A dunƙule ake ba da shi, cikin tafin hannu, ana kallon wani gefe. Wa ya taɓa ba da cin hanci mai ƙaho, yana kuka, da rana tsaka, har da barin suna? Da wayo na nufa ai da ban faɗi sunanki ba. Rago na kai wa Malam Shehu lokacin saukarki, ya karɓa da hannu biyu, ya yi miki addu'a har sai da gemunsa ya jiƙe. To wanne ne malami a cikinsu? Ban ce Dakta ya yi laifi ba. Na ce dai akwai abin da ba a koya musu ba, kamar yadda akwai wanda ba a koya mini ba.

Ranar Sallah innarki ta gasa hanta ta kawo mini, na ce ta ba yara. Tun kina ƙarama ke ke kawo mini ita a faranti kina cin rabi a hanya. Da yamma na tafi tasha ba don aiki ba. Na tsaya har motar Sakkwato ta ƙarshe ta sauke mutanenta.

Ban saba roƙo ba, kin sani. Amma ko layi biyu ne ki rubuto. Idan faɗa ne ki yi, sunan uwata gare ki, kina da hurumi.

Mahaifinki,
Namadi.

Ƙaura Namoda,
6 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga uwata Ummusalma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Saƙonki ya same ni a garejin Zurmi ina kan gyaran mota, na wanke hannu kafin in buɗe. Ina fatan kina lafiya kamar yadda rubutunki ya nuna. Innarki ta sa na karanta mata har ta haddace.

Alhamdu lillahi da kika tsaya gaban baƙon malamin nan ya yi miki tambayoyi kika amsa, ya sa hannu. Yanzu ba mai cewa wani abu ya ci miki jarrabawa ban da kanki. Na gaya wa Alhassan, ya cire hula ya ce a yafe masa.

Na kuma gane gayyatar. Kin ce ƙungiyar ɗaliban Zamfara za ta yi ranar al'adu ranar Asabar mai zuwa, za a nuna saƙa da jima da abincin gida, an ce kowa ya kawo iyayensa, kuma Dakta Ladan zai zo yana so mu gaisa. Sai kika sa sharaɗi, har kika ja masa layi: in zo ba da komai ba, ko goro.

Wannan ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Tun da na sayi motata ta farko ban taɓa shiga ƙofar mutum hannu rabbana ba. A Ƙaura idan aka ga Namadi ba ya ɗauke da komai sai a tambaya ko lafiya. Na kwana ina tunanin me zan yi da hannuwana idan na tsaya gaban mutumin nan. Innarki ta ce in miƙa masa ɗaya, ɗayan in sa aljihu, ai abin da sauran mutane ke yi ke nan.

To na yarda. Zan shigo motar safe kamar kowane fasinja, ba buhu, ba kwali, ba direba a bayana. Idan Turanci ya yi yawa a wurin taron ki zauna kusa da ni ki riƙa gaya mini lokacin tafi.

Abu ɗaya nake nema. Ban san wurin nan naku ba, kuma ba ni da abin da zan riƙe a san ni da shi. Ki fito bakin ƙofa da kanki ki shiga da ni.

Wassalam. Ni ne naki,
Baba.