Idanun Babanku Sun Iso

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafata ta yi sauƙi, matar Yayanku kuma ta kusa sauka, ki sa ta a addu'a.

Saƙonki ya iso, kuma ina so ki ji yadda aka yi. Kin san idon Babanku ya yi rauni, jar waya da ruwan ƙasa duk ɗaya suke a wurinsa yanzu. Tun da ya haɗa wayoyin motar wani ba daidai ba har suka ƙone, Yayanku ya ce in aka sake, zai rufe garejin Baba ya zauna a gida. Ni kuwa na san mutumina, ranar da aka raba shi da wayarin mota ranar zai tsufa. Da ya buɗe kwalinki ya ga 'yar na'urar nan mai bin waya, sai ya taɓe baki, wai araha ba ta ado, abin wasan yara kika aiko masa. Ya ajiye ta kan kanta har ta yi ƙura.

Sai ga motar malamar makarantarku ta dā, fitilun bayanta sun mutu. An canza ƙwai, an canza fis, shiru. Ya kwana biyu yana lalube bai samo ba, Yayanku yana ta zuwa da kwaɗon rufe garejin a aljihu. Da la'asar na kai masa abinci na tarar da shi zaune ya yi tagumi, raina ya ɓaci sosai. Na ɗauko na'urar na ajiye a cinyarsa. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya maƙala ɓangarenta ɗaya mai kama da ɗan akwati a bakin wayar fitilun, ya ɗauki ɗaya ɓangaren mai kama da alƙalami, sai abin ya fara wani siririn fito.

Auta, ya rufe idonsa ruf, yana bin fiton da kunne. Rana ta shigo ta hujin kwano tana sauka a kan furfurarsa. Daga ƙarƙashin sitiyari, ta gefen ƙofa, ta bayan kujera, sautin na tafiya yana binsa a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Ina zaune a benci sai na ga kamar shekaru sun koma baya. Na gan ki da 'yar rigarki mai tabon baƙin mai, kina riƙe masa tocila kina 'yan waƙe-waƙenki, shi kuma yana cewa ki haska waya ba fuskarsa ba. Har na ji kamar ke ce kike fiton daga cikin motar, kina ja masa hannu.

A daidai inda murfin but na bayan motar yake lanƙwasa, fiton ya ɗauke. Ya shafa wurin da yatsa, ya fere robar, ashe wayar ta tsinke daga ciki, bayanta kuwa sumul, ko mai ido huɗu ba zai gani ba. Ya haɗa, ya naɗe da salatif, fitilu suka kama. Yayanku ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ce dama kwaɗon na ɗakin kaji ne. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba na dariyar ba ne kaɗai.

Yanzu a aljihun gaba yake yawo da ita, ba mai taɓawa. Kin san shi da nauyin baki, godiya ba ta fitowa kai tsaye. Da ya ga ina rubutu, ya ce in gaya miki idanun da kika aiko sun iso lafiya, sai dai a kunne ya sa su.

Ki gaishe da maigidanki da 'yan jikokina. Gwaggonki da Kawu Dogo da Yayanku duk suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Taki har kullum,
Innarki