Na Yafe, Kamfani Ya Gode

Mampong, 5 ga Agusta

Ƙanena Boadu,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Wasiƙa na rubuto saboda duk lokacin da na kira ka kana cikin taro, kuma kamfaninku na inshora ne ya koya mini cewa abin da ba a rubuce yake ba bai faru ba.

Watan jiya na je sabunta inshorar motata. Bara sidi dubu biyu da ɗari takwas na biya. Bana yarinyar da ke kan tebur ta ce dubu huɗu da ɗari biyar, tana murmushi kamar albishir take yi mini. Na ce, "'Yata, motar ce ta haihu?" Ta ce, "Mama, komai ya tashi." Ta miƙo mini kalanda. Na biya, don kai ka ce in riƙe babbar inshora, wadda ake gyara wa mutum motarsa ko laifin waye. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ko ƙwan fitila ban taɓa nema a wurinku ba.

Ranar Laraba a kwanar kasuwa, wata motar haya cike da fasinja ta shigo mini ta dama. Ƙofofi biyu sun lotsa, ƙafar gaba ta karkace. Ba wanda ya ji ciwo. Direban, wani dattijo mai suna Nsiah, birki ne ya ƙi masa.

Washegari ko karyawa ban yi ba, ga Kawu Gyamfi a tsakar gidana ya yafa babban zanensa, bayansa Nsiah da rago da giya kwalba biyu. Ka san yadda ake yi, mai laifi ya je ya nemo wanda ba ka isa ka ce masa a'a ba. Nsiah ya zube ya kama ƙafata. Kawu ya ce, "Afrakoma, mutumin nan a kaina ya faɗo. In kin kai shi wurin 'yan sanda, ni kika kai." Na ce, "Kawu, ragon ne zai ja mini littattafai zuwa ƙauyuka?" Ya ce, "Ba kina da inshora ba? Ba ƙaninki ne babba a can ba?" Na ɗora hannu a kafaɗar Nsiah na ce na yafe, a gaban mutum tara.

Na cike takardarku ta neman gyara, na rubuta duk wannan yadda ya faru. Makarantu za su buɗe goma ga Satumba, littattafan makaranta ashirin da uku suna jibge a shagona. In ba mota, cinikin shekara ya wuce ni. Ka leƙa ka ga inda takardar ta kwana.

Allah ya tsare ka. Yayarka,
Afrakoma


Akra, 12 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na gode wa Allah da ya tsare ki. Yara suna gaishe ki.

Game da ƙarin kuɗi, ba mugunta ba ce. Kayan gyara daga waje suke zuwa, kuɗinmu sidi kuwa kin san halin da yake ciki. Ƙofar da muke saye bara ta kusa ninkawa. Kuɗin kowa tukunya ɗaya yake shiga, daga nan ake biyan wanda abu ya same shi. Ga kuma masu ƙarya, su haɗa baki da bakanike su ƙirƙiro haɗarin da bai faru ba. Su ne suke jawo wa masu gaskiya irinki.

Na ga takardarki. Yaya, me ya sa kika rubuta maganar Kawu? Tsarin shi ne mu gyara miki, sannan mu bi wanda ya buge ki mu karɓi abin da muka kashe. Da kika yafe masa, hakkinmu kika yafe, ba naki ba. Shafi na tara na yarjejeniyar inshorarki ya hana sulhu ba da izinin kamfani ba. Ga shi babu rahoton 'yan sanda. Za a ƙi biya.

Takardar ba ta kai teburin shugaban sashe ba tukuna. Zan iya cire ta. Na saka miki sabuwa a cikin ambulan ɗin nan. Ki rubuta cewa kin ajiye mota a bakin kasuwa, kin dawo kin tarar an buge ta, mai bugun ya gudu. Akwai wanda zai samo miki rahoto a kan hakan. Kowa haka yake yi. Ki yage wannan wasiƙa bayan kin karanta.

Ƙaninki mai biyayya,
Boadu


Mampong, 19 ga Agusta

Boadu,

Ina gaishe ka, don uwarmu ta koya mini gaisuwa ko da mutum ya ɓata mini rai.

Ban yage wasiƙarka ba. Na karanta ta sau uku, ina mamakin mutum ɗaya ne ya rubuta samanta da ƙasanta. A sama maƙaryata ne suka sa aka ƙara mini dubu da ɗari bakwai. A ƙasa ka aiko mini da takarda in shiga layinsu. Wato baɗi in an sake ƙari, wata yarinya za ta gaya wa wata mata cewa irina ne suka jawo. Kuma a kwanar kasuwar Mampong zan ce ban san wanda ya buge ni ba? Masu sayar da tumatir sun san sunan matarsa.

Na ɗauko shafi na tara na karanta da gilashin da nake duba ƙananan taswira. Na yi shekara ashirin ina sayar da littattafai, na karanta na kirki da na banza, ban taɓa ganin rubutun da aka yi don kada a karanta shi kamar wannan ba. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin kawunsa tsaye a tsakar gida da rago ba. Ko kuwa ya gani sarai, ya san kowa a ƙasar nan da roƙo yake kashe maganar haɗari, shi ya sa ya rubuta. Na fi zaton na biyun.

Yanzu ka gyara zama. Jiya na je tasha neman wanda zai kai mini kaya. Na tarar da Nsiah yana wanke motarsa. Ya ce, "Uwar ɗakina, ragon yana cin abinci kuwa?" Na ce, "Ya cinye mini furanni, ya fara igiyar shanya." Ina magana idona ya kai kan gilashin motarsa. Takardar inshorar da ke liƙe a wurin ta kamfaninku ce, Boadu. Tambarinku, kalarku. Na ce, "Baba, ta gaske ce ko ta gindin bishiya?" Ya ji haushi, ya ɗauko mini rasit. Shekara shida yana biyanku, shi ma an ƙara masa bana. Na ce, "Me take yi maka?" Ya ce, "Tana sa ɗan sanda ya ce in wuce."

To ka fahimtar da ni, ni da ban yi karatun inshora ba. Da kun gyara mini, wa za ku bi? Inshorar Nsiah. Su wane ne inshorar Nsiah? Ku. Hakkin da kuke kukan na yafe, hakkin cire kuɗi ne daga aljihun dama a saka a na hagu. Kun karɓa a wurina, kun karɓa a wurinsa, mun yi karo, ku kaɗai kuka fita ba ƙwarzane.

Ina jiran amsa a rubuce.

Yayarka,
Afrakoma


Akra, 27 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki da ladabi. Na duba, gaskiyarki ce, inshorar motarsa tamu ce. Amma fayil ɗinki yana hawa na biyu, nasa yana hawa na huɗu, kowane sashe da nasa lissafin. Na yi wa shugabana maganar. Ya yi dariya ya ce yayata ta dace da zama lauya, sannan ya tambaye ni ko ina son aikina.

Hanya ɗaya ta gaskiya ta rage. Ki kai rahoto wurin 'yan sanda da sunan Nsiah, ki sa hannu a takardar da na haɗo miki cewa kin janye yafiyar. Za su riƙe motarsa su duba birki, wataƙila a kai shi kotu, kuɗin inshorarsa kuma zai hau. Ke kuma sai a sake duba maganarki. In an yi sauri, wata uku. Zan yi wa Kawu bayani da kaina.

Don Allah ki sa hannu, Yaya. Ban yi barcin kirki ba tun wasiƙarki.

Ƙaninki,
Boadu


Mampong, 9 ga Satumba

Ƙanena,

Gaisuwa gare ka da iyali. Ga takardunka biyu na dawo maka da su, ta ƙarya da ta janye magana, duk ba sa hannu. Na ce na yafe a gaban mutum tara. Ina jin haushin Kawu, ina jin haushin kaina, amma a duk cinikin nan bakina ne kaɗai bai sauya farashi ba.

Nsiah ya gyara birki, yana ɗaukar mini littattafai a saman motarsa. Makaranta takwas ne a kan hanyarsa. Sauran goma sha biyar sun saya a Kumasi.

Motata tana gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Inshorarta cikakkiya ce har Yuli. In kaza ta zame zan sanar da ku kafin in yafe mata.

Na yanka ragon. Cinyar da ke cikin ƙunshin nan taka ce, an kyafe ta da kyau. Ita kaɗai ce diyyar da aka biya a wannan haɗari. Ku ci a gida, kada ka kai ofis, hawa na huɗu ya ce rabonsa ne.

Allah ya ba ka barci.

Yayarka,
Afrakoma