Sandar da na bari a bayan ƙofa

Tamale, ƙasar Gana

Zuwa ga Hamma Mu'azu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Baffa da Inna da kowa da kowa a Falgore. Yaya ƙafar Inna? Yaya shanu?

Labarin da ka ji gaskiya ne. Kamfaninmu yana rufe manyan injinan dizal, yana komawa wutar sola. An sallami makanikai da dama, har da abokin ɗakina. Ni ma na yi kwanaki abinci ba ya shiga, amma kada Inna ta ji, ya wuce.

Ga yadda aka yi. Sun jera faya-fayan sola a wani makeken fili. Damina na sauka ciyawa ta taso ta rufe su, wuta ta ragu. Injin yankan ciyawa kuwa tsakuwa yake watsawa, yana fasa gilashi. Sai suka sayo tumaki don su riƙa cinye ciyawar, aka tara mu aka tambayi wanda ya iya kiwo. Hamma, ni da na rantse a gaban Baffa ba zan ƙara bin dabba ba, ni na fara ɗaga hannu.

Yanzu da safe ina koyon haɗa waya da batir, da yamma ina bayan tumaki. Aikina ya zauna, in sha Allahu.

Don Allah ka aiko min sandata ta hannun direbobin albasa, tana bayan ƙofar ɗakina. Ka nuna wa Baffa tukuna. In zai yi dariya ya yi, amma ya sa mata albarka.

Ƙaninka,
Abdussalami